Kunnen Hagu da Hudu Ya Ba Ni

Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, ina zaune a rumfata cikin kasuwar Bukkuyum da hantsi, ina fifita gawayin da nake ɗora ƙarfen liƙi a kai, sai wani ɗan kabu-kabu ya tsaya ko mashin bai kashe ba, ya ce mini Hudu Sambo mai gyara ya cika. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Kwana tara ya yi yana fama da ciwon ƙirji, aka kai shi asibiti aka dawo da shi, ashe kwana ya ƙare. An yi masa sutura bayan azahar. Ya bar matarsa Barakatu da 'ya'ya huɗu, babbansu Usama, autarsu Rufaida.

Duk wanda ya san layin masu gyara zai yi mamakin ganin sunana a ƙarƙashin wannan ta'aziyya. Rumfata da tasa suna kallon juna, taku goma sha biyu ne tsakani, na sha ƙirga su. Shekara goma sha tara muna haka, ni ina gyaran waya da rediyo, shi ma yana taɓawa, amma abin da ya yi suna a kai shi ne gyaran iyafis, ƙanana masu shiga cikin kunne da manya masu rufe shi. Ban zo in yi ƙaryar abota a kan wanda ke kwance a kabari ba. Na yi wa Hudu hassada, hassada mai tsawon rai, kuma akwai wani abu nasa da na riƙe shekara shida da 'yan watanni, wanda nake so in mayar yau a gaban jama'a.

Hudu, bari in yi magana da kai kai tsaye, tunda da ranka ban iya ba.

Ka girme ni da shekara huɗu, amma ko sau ɗaya ban taɓa ce maka Yaya ba, da gangan nake kiran sunanka gatsau. Kai kuwa ɗan Malam kake ce mini, da fara'arka, har na tsani sunan. A zauren mahaifina, Malam Wali, muka haɗu. Iyayenka manoma ne da suka taso daga Zugu suka zauna a unguwarmu, kana zuwa ɗaukar karatu bayan an taso daga gona. Ni ne ɗan fari a gidan, kuma kowa ya san yadda iyayenmu suke da ɗan fari. Malam bai taɓa yaba karatuna a gaban mutane ba. Inna Hindu, mahaifiyata, ba ta kama sunana, ba ta kallona ido cikin ido, in za ta aike ni sai ta ce a gaya wa wancan. Kunya ce, na sani, kowa ya sani. Amma kai da ka shigo sai in ji ta ɗaga murya daga madafa tana cewa Hudu ne, a ba shi fura, a ƙara masa nono. Yaro ba ya cin al'ada ya ƙoshi, ni dai abin da na gani shi ne sunanka yana da daɗi a bakin uwata, nawa kuma ba ya fita.

Shekarar da Malam ya sauke farali ya dawo da iyafis manya guda biyu iri ɗaya, baƙaƙe, masu soso mai laushi da baka mai lanƙwasa a ka. Ba a taɓa ganin irinsu a garin ba. Ɗaya ya ba Inna, don idonta ya fara tafiya a lokacin, ta riƙa jin karatu. Na tsaya a bakin zaure ina jiran na biyun, ga ni mai gyara, ga ni ɗansa. Ya miƙa maka. Ni na samu hula da carbi kamar sauran maƙwabta. Na yi godiya, na sa hular, ban kuma ƙara sa ta ba. Tun daga ranar kake yawo da abin nan rataye a wuya, ka zo rumfa da shi, ka je gona da shi, ni kuma kullum ina kallonsa daga taku goma sha biyu.

A sana'a ma haka ka yi mini. Ni na je Gusau na koyi aiki shekara biyu, na dawo da takardar shaida na sa mata gilashi na rataye, ina da mitar gwajin wuta, na san sunan kowane ƙaramin abu a cikin waya. Kai ba ka da komai sai ƙaramar sukudireba, da reza, da kunnenka, da igiyar nan da ka ɗaura daga wannan ginshiƙi zuwa wancan. A kanta kake rataye matattun iyafis, ɗaruruwa, waɗanda ka tsinto ko ka karɓo a kasuwannin Gummi da Anka, wasu ba kai, wasu ba kunne ɗaya, wasu ɓera ya ci. Ba ka taɓa yarda abu ya mutu duka ba. Kana cewa in kunnen dama ya mutu na hagu yana nan, in igiya ta tsinke bakin da ake sokawa a waya yana nan. Sai ka ɗauko biyu da suka lalace ka fitar da ɗaya mai rai, kana kiran aikin haɗa aure, mutane suna dariya.

Na ga yadda kake yi, domin ba abin da ya kai ni kallonka. Ka ɓalle murfin, ka fito da 'yar sifikar da ke ciki, ka kankare zaren tagulla da reza har ya yi haske, ka ɗiga dalma kaɗan, ja a wurin ja, ɗayan a wurinsa. Amma kafin ka liƙa sai ka yi abin da ni nake ganin ɓata lokaci ne. Ka kwanto biyar ko shida daga igiya, ka ɗora kowace a kunne, ka rufe ido, kana neman wadda muryarta ta yi daidai da ta mai ran da ta rage. Mai kaya yana tsaye rana tana dukansa, kai kana can ido rufe. In ba ka samu daidai ba sai ka ce ya dawo wata kasuwar, kuma ya dawo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda suke jiran naka. Rumfarka ba ta da inuwa da rana, tawa tana da ita. Sai mutanenka su cika gabana, su zauna a bencina, su sha ruwan randata, su gaishe ni da mutunci, iyafis ɗinsu a hannu, suna jiran layinka ya ragu. Na tuna wani Bafillace daga Gwashi da maraƙi ya tauna masa igiya, ya zauna wurina tun hantsi. Na ce ya kawo in duba masa, minti biyar ne. Ya dube ni, ya dubi takardar da ke cikin gilashi, ya ce a'a, ba ya sauri. Da ka gama masa ya sa a kunne, ya yi ta murmushi shi kaɗai, kasuwa mai zuwa ya kawo maka man shanu a kwalba. Ka raba biyu ka aiko mini da rabi. Na karɓa, na kai gida, na kasa ci.

Sai na shiga ɓata ka. Duk wanda ya zauna a bencina sai na gaya masa kayan matattu kake sa wa mutane, ni kuwa sabo nake sawa fil daga leda. Magana ta isa kunnenka, kamar yadda na so. Na zaci za ka tsallako mu yi ta ta ƙare. Aka ce dariya kawai ka yi, ka ce: “Gaskiya ɗan Malam yah hwaɗi, matattu na. Ku tai wurinai in kuna son sabo.” Kuma ba ka fasa turo mini duk wayar da ta gagare ka ba, kana gaya wa masu ita cewa aikin ciki sai ni Halilu. Ko wannan ma ban gode ba, na ɗauke shi sadaka ce kake yi mini a bainar jama'a.

Mutane da yawa sun faɗi alherinka a wurin zaman makoki, ba sai na maimaita duka ba. An faɗi yadda kake gyara wa tsofaffi ka ce su tafi kawai. An faɗi yadda, lokacin da hanyar Zugu ta yi tsanani da rashin tsaro mutane suka rage shigowa, kake tara gyararrun kayansu a jaka ka ba duk wanda ya yi ƙarfin halin tafiya, kowane da ƙyalle ɗaure da alamar mai shi. An faɗi yadda ba ka barin yara su matso kusa da dalma, kuma ba ka taɓa abinci sai ka wanke hannu da sabulu sau biyu, saboda kana da dangi a Tungar Guru, ka ga abin da gubar dalma ta yi a can a shekarun baya. Ina zaune ina ji, ina cewa haka ne, domin haka ɗin ne. Amma wanda ya fi duka ba wanda ya san shi sai ni.

Bayan rasuwar Malam, idon Inna ya rufe gaba ɗaya. Abin da ya rage mata a duniya shi ne muryarsa. Akwai karatunsa da aka ɗauka a kaset tun da daɗewa, na juye mata a memori na sa a ƙaramar waya. Da ta idar da walaha sai ta jingina da bango, ta sa iyafis ɗin da ya kawo mata, ta zauna da mijinta har azahar. Da daminar 2018 kunnen hagu na iyafis ɗin ya ɗauke. Na ce wannan ai aikina ne. Na ɓalle, na cire matacciyar sifikar, na sa sabuwa daga leda. Ta saurara kaɗan ta ce gefe ɗaya yana yi mata tsawa. Na ce to, bari in sa sababbi duka biyu su yi daidai. Na cire mai ran ma na jefa a gwangwanin tarkace, na liƙa sababbi, na gwada da mita, komai lafiya. Na kai mata ina jin kaina.

Ta sa, ta saurara, sannan ta cire ta ajiye a cinya. Ba ni ta yi wa magana ba, da ƙanwata take, kamar kullum. Ta ce: “Wagga ba muryar Malam ta ba. An sa mai wani maƙoshi. A kai ma Hudu.”

Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Na ce ba inda za a kai, abin lafiyarsa lau, kunnenta ne ya tsufa. Na hana kowa a gidan fita da shi. Ta rataye shi a ƙusa ba ta ƙara taɓawa ba, ba ta kuma ƙara tayar da maganar ba. Wata biyu ina ganin uwata tana zaune da hantsi hannu a cinya, ba abin da take ji sai kukan kaji, abinci ma ta rage ci. Na san maganin yana taku goma sha biyu daga inda nake zama. Na zaɓi ta zauna haka da a ce Hudu ya gyara abin da ya gagari ɗanta. Wannan shi ne ni a lokacin, ba zan yi masa kwalliya ba.

Kai kuwa duk Juma'a kana zuwa gaishe ta bayan an sauko. Ka ga abin a ƙusa, ka tambayi ƙanwata, ta gaya maka. Ka yi sallama ka tafi. Washegari da la'asar, kasuwa ta watse, na ga ka tsallako taku goma sha biyun nan, abin da ba ka saba ba. Ka zauna a bencina, ka ce: “Ɗan Malam, ina tsohuwar da kac cire, mai ran?”

Na ɗaure fuska, na zazzage gwangwani, na same ta a ƙasa ta yi ƙura. Ka hure ta, ka ɗora a kunne da 'yar wayarka, ka rufe ido, ka ce tana nan da ranta. Sannan ka fito da wani abu naɗe a takarda ka ajiye a gabana.

“Ga 'yar'uwatta. Ka maishe su tare, ja ga ja, kak ka juya. Kai za ka liƙa da hannunka. Ni ban zo ba, ba ka gan ni ba.”

Ka tashi ka tafi, ban ce maka ko sannu ba. Na ce a raina daga igiyar matattunka ka tsinto ta, ban tsawaita tunani ba don ban so in sani. Na yi yadda ka ce. Da safe na kai mata, tsakar gida cike da mata ana sussukar gero. Ta sa a kunne. Na ga leɓenta ya fara motsi yana bin karatun, na ga hawaye yana fita daga idon da ba ya gani. Ta daɗe a haka. Sannan ta cire, ta juyo da fuskarta daidai inda nake tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce da ƙarfi kowa yana ji: “Allah shi yi ma albarka, kai da hannunka. Allah shi ba ka masu yi maka.”

Shekarata arba'in a lokacin, kuma wannan ne karo na farko da na ji haka daga bakinta ba ta hanyar wani ba. Na san ba tawa ba ce. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, na rufe. Na ɗauke albarkar nan na tafi da ita, na yi shekara shida ina ci daga cikinta. Kai kuma ko da wasa ba ka taɓa tuna mini ba, ko da kallo. Kada ka zaci wannan ya sa na so ka. Ƙara jin haushinka na yi, domin yanzu kullum in na ɗaga kai ina ganin mutumin da ya san abin da nake ɓoyewa, yana gaishe ni da fara'a.

Ranar jana'izarka na tsaya a sahu na uku. Mutane sun zo daga Gummi, sun zo daga Anka, wasu sun biyo hanyar Gwashi da Zugu a kan mashin duk da halin da hanya take ciki. Ina kabbara ina ƙirga sahu, ina tambayar kaina ko nawa zai kai rabin haka. Allah Ya yafe mini, ko a nan ban bar ka ka huta ba.

Ranar addu'ar uku, Barakatu ta aiko a kira ni bakin ƙofa. Ta miƙo leda daga bayan labule, ta ce: “Yac ce in ba ka hannu da hannu. Yac ce in kunnen dama na Inna ya mutu, ga wani nan, kak ka sa na leda.”

Na buɗe. Iyafis ɗinka ne, wanda Malam ya ba ka, soson ya cinye, bakan ya sha ɗauri da zare. Na ji gefen hagu ba nauyi. Na ɓalle murfin da farce, ba komai a ciki sai ƙyalle da ka cusa don kada ya yi ƙara. Ashe ba daga igiya ka tsinto ta ba, kuma da na tsaya na yi tunani minti ɗaya da na sani, domin biyu kawai Malam ya kawo. Shekara shida kana jin karatun malaminka da kunne ɗaya, kana rataye da abin a wuya a gabana kullum, ni mai takarda a gilashi ban lura ba.

Daga nan ban koma rumfa ba, gida na wuce. Na sami Inna a inda take zama, na durƙusa, na gaya mata komai, tun daga gwangwani har ledar da ke hannuna. Na ce albarkar da ta sa mini ta Hudu ce, ta mayar masa. Sai ta ce:

“Na sani tun Jumma'ar da tab biyo. Da, in yad duƙa gaishe ni, karatun Malam na hita ta gehe biyu na wuyanai. Ran nan gehe guda nij ji.”

Na ce: “To Inna, don mi kunka bar ni da ita?”

Ta ce: “Tashi daban ta, ina yi mai ita kowace salla. Taka kuwa, shekara arba'in ina biɗar dalilin da zan hwaɗe ta gaban mutane ba a ce na rasa kunya ba. Hudu yas samo man shi.”

Ta mayar da iyafis ɗinta kunne, ni kuma na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Yaya Hudu, ka ji na faɗa, ko da yake na makara. Ba zan ce hassadar ta fita duka ba, domin har yanzu ina ƙyashin yadda ka tafi, hannunka wanke, bakin kowa da alherinka, har da bakin wanda ya ɓata ka. Amma yanzu na san abin da nake wa ƙyashi, ba layin masu jira ba ne. Iyalinka sun ce in kwance igiyar matattunka in ɗauka, na ɗaura ta a rumfata jiya. Wani ya kawo gyara da safe, na kwanto guda biyar na ɗora a kunne ɗaya bayan ɗaya, na rufe ido. Ban iya bambance su ba tukuna, na ce ya dawo wata kasuwar.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanka Hudu ɗan Sambo, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Yadda ya rufa mini asiri shekara shida, Ka rufa masa nasa ranar da asirai za su tonu. Yadda ya hana kunnensa don wata tsohuwa ta ji karatun Littafinka, Ka jiyar da shi sallamar mala'iku da kunnuwansa biyu, Ka haɗa shi da malaminsa a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Barakatu, da Usama da Rufaida da 'yan'uwansu, da dangi na Zugu da Tungar Guru, da dukan masu gyara na Bukkuyum, Gummi da Anka. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya sa albarka a bayansa. Ina kuma roƙon ku, ku da kuka gaje shi, ku yafe mini abin da na faɗa a kansa, tunda shi ban samu na roƙe shi ba. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, da zuciya wadda ba ta riƙe da kowa. Amin.

Halilu Malam Wali
Layin masu gyara, Bukkuyum